Yadda za ka karanci waƙar Wotton ta rayuwa mai daɗi har ta zauna maka

Kusan shekara shida kenan ina yi wa yaran unguwarmu lesin ɗin adabin Turanci a zauren gidanmu bayan sallar isha'i, kuma abun da yafi damuna da su bai wuce ɗaya ba, da zarar ka miƙa musu waƙa sai kowa ya fara farautar sunayen adon magana, wannan siffantawa ce, wancan kambamawa ne, su cika takarda fal, amma ka ce to me mutumin yake faɗa ne, sai zauren yayi tsit. Ba laifinsu bane, haka aka saba musu don dai su ci jarabawa. Shi yasa na zaɓi waƙa guda ɗaya da nake matuƙar so in nuna yadda nake bi da ita daki daki, sunanta The Character of a Happy Life, wani Bature ɗan Ingila ne ya rubuta ta, Sir Henry Wotton, wanda aka haifa a 1568 a yankin Kent ya rasu a 1639. Gajeriya ce, baiti 6 ne kowanne da ɗango 4, gaba ɗaya ɗango 24, ko data kaɗan ta isa ka nemo ta a intanet.

Kafin komai ka kwafe ta da hannunka a littafi, ka bar fili tsakanin layi da layi. Nasan wani zai ce ai ga ta a waya, to wallahi ba ɗaya bane, hannu yana tsayawa a inda ido ke wucewa, kuma filin da ka bari shi za ka cike da biro nan gaba. In kana kwafa ka duba shafi biyu ko uku, za ka ga ba su zo ɗaya ba, wani wuri an sa religious book wani wuri well-chosen book, wani oppressors wani accusers. Kar hankalinka ya tashi. Waƙar ta yi yawo a hannun mutane ana kwafarta da alƙalami kafin da bayan a buga ta, kamar dai yadda tsofaffin waƙoƙinmu na ajami suke zuwa da ɗan bambanci daga hannun wannan malami zuwa wancan. Ka riƙe wadda ke cikin littafin makarantarku, in babu ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Daga nan sai karatu da ƙarfi, sau uku aƙalla, tun baka gane ma'ana ba. Anan ne mu Hausawa muke da wata sa'a da kuma wani tarko. Sa'ar ita ce kunnenmu ya saba da kari, duk wanda ya taso yana jin ana rera waƙar wa'azi ya san in ɗango ya karye. Tarkon kuma shi ne karin waƙarmu a kan tsawon gaɓa yake tafiya, doguwa da gajeriya, irin ma'aunin da aka samo daga aruli na Larabawa, shi kuwa Turanci a kan nauyin murya yake, wato gaɓar da ake dannawa da wadda ake sassautawa. Ɗangon farko kenan, ga yadda zai fito in ka danna inda ya dace:

how HAP-py IS he BORN and TAUGHT

Gaɓa 8, sassauci sannan dannawa, har sau 4. Ni tafi nake sa yara su yi, ko su buga benci, a ƙasa da minti biyar sun kama. Da zarar kunne ya kama sai ka fara jin wuraren da mawaƙin ya saɓa da gangan. Ɗango na 23, Lord of himself, though not of lands, da dannawa ya fara, LORD, kamar mutum ya buga ƙafa a ƙasa, kuma nan ne ƙololuwar waƙar duka, to kaga karin ma yana faɗin wani abu. Akwai kuma kalmar flatterers a baiti na 4, gaɓa uku ce amma dole ka matse ta ta koma biyu in ba haka ba ɗangon zai yi maka tuntuɓe. Amsa-amon kuma na tsallake ne, ɗango na farko da na uku, na biyu da na huɗu, taught da thought, will da skill. Za ka ci karo da are da care, da kuma retreat da great, ka ji basu amsa juna ba a bakinka, ba kuskure yayi ba, shekara 400 da suka wuce furucinsu yafi haka kusanci, harshen ne ya motsa ya bar rubutun a baya.

Yanzu sai aikin kalmomi, kuma anan nake so ka fi daɗewa. Waɗanda suke da kamar wuya, serveth, hath, doth, su ne mafi sauƙi, serves ne da has da does na zamanin da, shikenan. Masu haɗarin su ne waɗanda kake ganin ka sansu. Wata rana wata yarinya cikin ɗalibaina, mai ƙoƙari ce sosai, ta rubuta a ƙarƙashin Whose soul is still prepared for death cewa wai ransa har yanzu a shirye yake ya mutu, ta yi masa bayani mai tsawo cewa mutumin ya gaji da duniya ne. Na tuna takardar, hoton kwafi ce da ta dushe a gefe, ta ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin still. A Turancin wancan lokacin still tana nufin kullum, ko yaushe. Wato mutum ne da a kowane lokaci yake cikin shirin tafiya, ba abun da zai ce a ɗan jira shi ya gyara, irin abun da malamai ke nufi in sun ce a yi guzuri tun kafin ranar. Kalma ɗaya ta juya baitin gaba ɗaya. Haka care a baitin nan damuwa ce, ba kulawa ba. Breath ba numfashi bane, maganar bakin mutane ce, ka-ce-na-ce, kuma ka lura da zaɓin, ya kira surutun jama'a da iskar baki, abun da ke fita ya watse. State ta zo sau biyu kuma kowanne da ma'anarsa, a baiti na 3 rules of state dabarun mulki ne da siyasar fada, a baiti na 4 kuwa whose state yana nufin abun hannunsa, matsayinsa da dukiyarsa. Entertains a baiti na 5 ba nishaɗantarwa bace, yadda yake cinye yininsa ne. Bands a baitin ƙarshe shi ne bonds na yau, mari ko ƙangi. Har kalmar character ɗin da ke cikin sunan waƙar, a farkon shekarun 1600 akwai wani salon rubutu da ake yayi a Ingila mai wannan sunan, a ɗauki wani irin mutum, marowaci ko bafade ko mutumin kirki, a zayyana siffofinsa a taƙaice. To shi Wotton hoton mutum mai dace yake zanawa. Duk kalmar da ka ji ta zauna a karkace cikin ɗango, ka buɗe ƙamus ka gangara can ƙasa wajen tsofaffin ma'anoni, yawanci a can amsar take.

Abu na gaba shi ne wanda nafi ganin amfaninsa kuma ba kasafai ake koyar da shi ba, ka nemo ƙashin bayan jimlar. Ɗauki biro ka zagaye duk who da whose, a bugun da ke hannuna guda 9 ne. Za ka ga daga baiti na 2 har na 5 babu cikakkiyar jimla ko ɗaya, duk rataye suke, wanda kaza, wanda kaza, wanda kaza, ana ta tara maka siffofi ana riƙe maka numfashi, sai a ɗango na 21 aka sauke kayan da This man, wannan mutumin. In ka taɓa sauraron maroƙi yana wasa wani a wajen biki ko hawan salla ka san salon, ya jero kirari bakwai takwas kafin ya kama suna, jama'a na jira. Bambancin shi ne wanda ake wasawa anan ba shi da doki ko rawani, ba shi ma da abun da zai ba maroƙin. Yaran da suke cewa waƙar ta rikita su, yawanci wannan ne, suna neman ma'ana a kowane baiti shi kaɗai alhali jimla ɗaya ce doguwa da ta ratsa su duka.

Sai ka canza biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar korewa, not, none, never, nor, neither, nothing, ka haɗa da untied da freed da harmless. Shafin zai cika. Wannan shi ne abun da nake so kowane ɗalibi ya gani da idonsa kafin in faɗa masa: waƙa ce a kan jin daɗin rayuwa amma kusan duk abun da ta lissafo abubuwan da mutumin ya kuɓuta daga gare su ne. Baya yi wa son ran wani bauta, son zuciyarsa bai zama ubangidansa ba, baya hassadar wanda sa'a ta ɗaga, jita-jita bata bin sa. Abubuwan da aka ce yana da su kaɗan ne, tunani na gaskiya wanda aka kira sulkensa, lamiri wanda shi ne mafakarsa, addu'a safe da yamma wadda yafi roƙon rahamar Allah a cikinta fiye da kyautar duniya, sai littafi ko aboki. Sulken nan ka tsaya a kansa, ka tuna 'yan sulke a ranar hawa, rigar ƙarfe ce ta kare kai daga sara da suka, ba wanda ke saka ta sai mai tsammanin hari. To waye zai kawo wa mutumin kirki hari? Tambayar nan ce za ta kai ka ga rayuwar mawaƙin, kuma da gangan na bari sai yanzu, don in ka fara da tarihi za ka karanta tarihin ne ka manta da waƙar.

Wotton mutumin fada ne tun daga ƙuruciya. Yayi karatu a makarantar Winchester da jami'ar Oxford, inda ya ƙulla abota da mawaƙi John Donne, daga baya ya zama ɗaya daga cikin sakatarorin wani basarake mai sarautar Earl na Essex, babban na hannun daman Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Essex ɗinnan ya hau har ya kai inda ya kai, sai ya faɗo, aka sare masa kai a 1601 bisa laifin tawaye, shi kuwa Wotton ya riga ya fice zuwa Italiya, wasu abokan aikinsa da suka tsaya basu tsira da rai ba. Daga Florence aka tura shi Sikotland a ɓoye da sunan bogi na Italiyawa, Ottavio Baldi, don ya gargaɗi Sarki James cewa ana shirin sa masa guba. Da James ya gaji sarautar Ingila a 1603 sai ya tuna masa, ya ba shi muƙamin Sir, a 1604 ya tura shi jakada a Venice, wadda a yau take cikin Italiya. A kan hanyar tafiya ya yada zango a Augsburg ta ƙasar Jamus, wani aboki ya miƙo masa littafin da baƙi ke rubutu a ciki, sai ya rubuta wata raha da Latin cewa jakada mutumin kirki ne da ake turawa waje ya yi ƙarya don amfanin ƙasarsa. A Turanci wasa da kalma ne, don lie tana nufin ƙarya kuma tana nufin zama ko kwanciya a wuri, amma a Latin ƙaryar ce kawai ta rage. Shekara bakwai maganar na kwance, sai a 1611 wani marubuci mai adawa da Sarki James, Caspar Schoppe, ya tono ta ya buga a littafi don ya nuna irin mutanen da sarkin ke aikawa. Sarki ya fusata, Wotton ya zauna a gefe na wani lokaci babu fuska a fada, kuma masana da dama a wannan tsakanin suke ɗora rubuta waƙar. An fara buga ta a 1614 a cikin wani littafin Sir Thomas Overbury, shi ma bafade ne, wanda aka kulle a kurkukun Tower na Landan ya mutu a can a 1613, daga baya aka gano guba aka ba shi.

Yanzu koma ka sake karanta baiti na 3 da na 4 da wannan a ranka. How deepest wounds are given by praise, wato raunin da yafi zurfi da yabo ake yin sa. Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ko ya zauna kusa da masu mulki ya san wannan, a yabe ka a gaban oga ta yadda oga zai fara jin tsoronka, ko a zuga ka har ka taka inda za ka zame. Mutumin da Wotton ke zanawa a waƙar bai ma taɓa koyon wannan dabarar ba. Ni duk lokacin da na zo nan sai na tuna hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai yabon wani a gabansa ka yanke wuyan abokinka, ba abu ɗaya suke nufi daidai ba amma hoton yabo a matsayin wuƙa yana nan a duka biyun. Sai ɗango biyun da nafi so a waƙar duka, inda yace abun hannun mutumin bai kai ya ciyar da 'yan fadanci ba, kuma ko an karya shi babu azzalumin da zai ƙaru da karyewarsa. Ka duba hikimar, ba shi da yawan da zai tara masa 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, ba shi da yawan da zai sa wani ya ƙulla masa sharri don ya gaje. Wanda ya san yadda aka yi da Essex ne kawai zai iya auna tsaka-tsakin nan haka.

Bayan duk wannan sai ka gwada mayar da ita Hausa, baiti baiti, ba lallai da kari ko amsa-amo ba, da maganarka ta yau da kullum, kamar kakarka ce za ka yi wa bayani. Inda ka kasa fassarawa to nan ne baka gane ba tukuna, ka koma. Ga yadda nake faɗin baitin ƙarshe: wannan mutumin ya kuɓuta daga marin bauta, na kwaɗayin hawa da na tsoron faɗowa, sarkin kansa ne ko da bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba, ba shi da komai amma kuma komai nasa ne. Ka lura ya haɗa buri da tsoro ya kira su duka ƙangi, mu ma ai muna cewa kowa ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka. Ɗangon ƙarshen daga Baibul ya ɗauko shi, wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura ta 6 aya ta 10, kuma masu karatunsa na lokacin da jin sa sun gane. Mu kuma da jin sa za mu tuna wadatar zuci, da hadisin da ke cewa wadata ba yawan dukiya bace, wadata ita ce ta zuciya. Yi amfani da wannan kusancin don ka fahimta, amma a takardar jarabawa ka tsaya a kan abun da ke cikin waƙar, kar ka mayar da ita wa'azinka.

Kuma kar ka ji tsoron yi mata gardama, wannan ma karatu ne. Wani yaro ya taɓa ce min, malam, mai muƙamin Sir da yake zaga ƙasashen Turai ne zai ce mana ba komai ba ne rashin komai? Tambaya ce mai kyau kuma na ji daɗinta. Amsata ita ce, e, nothing ɗin Wotton ba irin na wanda bai ci abincin dare ba ne, mutumin waƙar yana da littafi da lokacin karanta shi, duk da dai shi kansa Wotton bashi ya dame shi har tsufansa saboda kuɗin aikinsa da fada ta riƙe masa. Sannan bayan ya rubuta ta bai bar fada ba, ya sake komawa Venice jakada har sau biyu, sai a 1624 ya samu shugabancin kwalejin Eton inda ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifi a kogin Thames tare da abokinsa Izaak Walton, wanda shi ne ya tattara rubuce-rubucensa ya buga a 1651 haɗe da tarihinsa. Ni wannan ƙara min son waƙar yake yi, don ina jin muryar mutum ne da ƙangin ke wuyansa yana kwatanta abun da yake marmari. Inda nake da ja da ita wani wurin ne daban, a ɗango 24 ɗinnan babu mata, babu 'ya'ya, babu iyaye, babu maƙwabci, babu wanda mutumin ke ɗauke wa nauyi, aboki ɗaya ne tak shi ma a ƙarshen baiti na 5. Wotton bai taɓa aure ba. A wajenmu da wuya a ce rayuwar mutum tayi albarka ba a ambaci zumunci da wanda ya amfana da shi ba, to ka rubuta wannan a gefen littafinka, kuma in tambaya ta ba da dama ka faɗe shi da hujja daga ɗangayen.

In ka zo amsa tambaya, tsarin da nake ba yarana mai sauƙi ne, faɗi abun da ka gani, kawo kalma biyu ko uku daga waƙar, sannan ka ce me suka yi a wurin. Cewa akwai siffantawa a ɗango na 3 ba zai baka maki sosai ba, amma in ka ce ya kira tunanin gaskiya da armour, wanda ke nuna duniyar da mutumin ke ciki fagen fama ce kuma kariyarsa daga cikinsa take, to ka yi magana. Sunan adon maganar ya zo daga baya, jimla ɗaya ta ishe shi.

Hadda kuma a ƙarshe take zuwa, kuma za ka ga rabinta ta riga ta zauna da kanta. Ben Jonson, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan zamanin, an ruwaito cewa da ka ya san wannan waƙar. Ni baiti ɗaya nake ba yara a kowace rana, su yi rikodin ɗin muryarsu a waya su saurara a hanyar makaranta, ranar Asabar kowa ya tashi ya kawo duka shidan. Yarinyar nan mai jan biro ita ta fara kawowa a zagayen da ya wuce, da ta zo kan still sai ta ɗan dakata ta ce kullum, a hankali, sannan ta ci gaba.